Yabon Gwani Ya Zama Dole: Baba Likita na Haiti

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ya shekara fiye da hamsin a ƙarƙashin ƙasa. A cikin likitocin da suka ajiye allura suka hau karagar mulki, ban san wanda ya kama ƙafar Dakta François Duvalier na ƙasar Haiti ba. Sauran likitoci ɗaya bayan ɗaya suke duba marasa lafiya, a yanki kati, a bi layi. Shi kuwa ƙasa sukutum ya kwantar a gadon asibiti, mutum wajen miliyan 4, ya yi kusan shekara 14 yana ɗura mata magani, kuma a tsawon wannan lokaci ba a samu majinyacin da ya yi ƙorafi sau biyu ba.

An haife shi a birnin Port-au-Prince ranar 14 ga Afrilu 1907, a gidan da ba na masu hannu da shuni ba. Yana ɗan shekara takwas sojojin Amurka suka sauka suka mamaye ƙasar, ba su fita ba sai 1934, shekarar da ya karɓi takardarsa ta likita. Ya tashi ke nan yana kallon baƙo da bindiga yana ba da umarni a ƙasar da kakanninsa suka 'yanta da jininsu. Ai Haiti ba ƙasar rainawa ba ce. Bayi ne da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma da yankin Kwango suka tashi suka karya rundunar Napoleon, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu 1804. Faransa ta huce haushinta a 1825, lokacin da ta jera jiragen yaƙi a bakin gaɓa ta ce sai an biya ta diyyar faran miliyan 150, wai kuɗin gonaki da bayin da ta yi asara. Bashin da ya biyo bayan wannan ƙwace ya bi ƙasar har cikin ƙarni na ashirin. A cikin gida kuma wasu tsirarun iyalai 'yan ruwa biyu, masu hasken fata da Faransanci a baki, su suka riƙe kasuwa da manyan makarantu da kujerun gwamnati. Baƙar fata masu magana da Kiriyol, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, suna can kan tsaunuka suna noma, ana tunawa da su ranar karɓar haraji.

Likitanmu ya ga wannan, ya kuma faɗe shi da babbar murya. A 1938 shi da abokinsa Lorimer Denis da wasu matasa suka kafa mujallar Les Griots, suna rubutu cewa baƙar fatar Haiti ya daina jin kunyar asalinsa na Afirka, da harshensa, da addinin Vudu na kakanninsa, kuma lokaci ya yi da mafi yawa za su riƙe akalar ƙasarsu. Ciwon da ya gano ciwo ne na gaskiya, kuma duk mai adalci zai ba shi wannan.

Sai ya shiga ƙauyuka. Akwai wata cuta da mutanen can ke kira piyan, wadda ke cin fata ta bar gyambo, ta tsattsage tafin ƙafa har manomi ya kasa taka ƙasa, in ta daɗe ta shiga ƙashi ta ɓata fuska. A shekarun 1940 Duvalier ya yi aiki a shirin yaƙi da ita wanda Amurka ta ɗauki nauyi, har aka tura shi Jami'ar Mishigan ya ƙaro ilmin kiwon lafiyar jama'a. Ya hau tsauni ya sauka kwari, ya wanke gyambon da dangin mai shi ke kawar da kai daga gare shi, ya yi wa yara allura a gindin bishiya. Talakawan nan ne da bakinsu suka raɗa masa Papa Doc, wato Baba Likita, don ƙauna. A yawon nan ya san ƙasarsa ciki da bai. Ya san wane boka ake jin maganarsa a wane ƙauye, wane mai unguwa ake tsoro, me ke sa uwa ta rufe ƙofa da magariba, da kuma iya wuyar da talakan Haiti zai sha ya haɗiye bai ce uffan ba. Wasu azzaluman shugabanni sukan fake da cewa fadawa sun ɓoye musu halin da jama'a ke ciki. Baba Likita ya fi ƙarfin wannan uzuri, domin da hannunsa ya taɓa ciwon, da hancinsa ya shaƙi warinsa. Duk abin da ya yi daga baya, da sani ya yi shi, kuma ilmin da ya samo a ƙauye ko ɗigo bai zubar ba.

Shugaba Dumarsais Estimé ya ba shi jagorancin hukumar lafiya a 1946, ya naɗa shi ministan lafiya da ƙwadago a 1949. Da soja suka kifar da Estimé a 1950, likita ya koma gefe, daga baya ya shiga ɓuya, yana karatu yana jira. Da zaɓen 22 ga Satumba 1957 ya zo, manyan soja suka duba 'yan takara suka ga wani ɗan tsamurmurin mutum mai kaurin tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa, suka ce sun samu ɗan amshin shata. Suka share masa hanya ya kayar da attajiri Louis Déjoie. Kafin shekara ta zagayo ya sallami Janar Antonio Kébreau, wanda ya ɗora shi. Haka ya ci gaba da yi wa hafsoshin soja, yana sauya su kafin su san hanyar ofis, don kada zaman wuri ɗaya ya jawo musu ciwon buri.

Wajen bin diddigin majinyaci kuwa, a zo a ɗauki darasi. Cikin waɗanda suka nemi kujerar tare da shi akwai Clément Jumelle, tsohon ministan kuɗi. Bayan zaɓe ya shiga ɓuya. Da aka neme shi aka rasa, sai aka harbe 'yan'uwansa biyu a 1958. Shi kansa ya yi ta canza maɓoya cikin rashin lafiya, har ya isa ofishin jakadancin Kyuba a Afrilun 1959, ya cika a can. Wani ragon likita da sai ya ce aiki ya ƙare, a rufe fayil. Ban da Baba Likita. Ana cikin rakiyar gawa, jama'a na biye da mota zuwa coci, sai mutanensa ɗauke da makamai suka tare hanya suka ƙwace akwatin suka yi gaba da shi, aka bar dangi tsaye a titi da furanni a hannu. Ina wani likitan da ke kula da majinyacinsa har bayan rai ya fita?

Da wasu tsofaffin hafsoshi uku da Amurkawa biyar suka yi yunƙurin kifar da shi a Yulin 1958, ya gane soja ba abin jingina ba ne, sai ya horar da ma'aikatan jinyarsa na kansa. A takarda sunansu 'Yan Sa-kai na Tsaron Ƙasa. A bakin jama'a kuwa Tonton Makut, sunan dodon tatsuniya mai yawo da buhu yana kwashe yaran da ba sa jin magana. Shuɗin kaki, malafa, baƙin tabarau ko da dare, adda ko bindiga a hannu. Cikin 'yan shekaru suka ninka sojoji yawa. A nan ma sai an sara wa likita wajen tattalin dukiyar gwamnati, domin yawancinsu ba a biyan su albashi. An ba su bindiga da izini, aka ce kowa ya nemi abincinsa. Mai kanti ya biya, mai mota ya biya a shinge, manomi ya ba da akuya ko gona, wani ma 'yarsa. Kuma da yake a cikin talakawa aka ɗebo su, kowane ƙauye da nasa, kowa ya san ɗan wane ne, sai ya zamana maƙwabci ke tsaron maƙwabci. Baƙar fata ya samu mulki kamar yadda aka yi alkawari a mujalla: an ba shi ikon dukan ɗan'uwansa.

Zaɓe fa? Ƙasashe da yawa na fama da rigimar ƙidayar ƙuri'a, a yi ta kai ƙara kotu. Baba Likita ya warkar da wannan cuta gaba ɗaya. A 1961 aka yi zaɓen 'yan majalisa, aka buga sunansa a saman kowace takardar ƙuri'a, da aka gama aka sanar cewa ashe jama'a sun sabunta masa wa'adin shekara shida ba tare da ya roƙa ba. Ƙuri'a 1,320,748 suka ce shi, waɗanda suka ce a'a kuwa babu ko ɗaya. A Yunin 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ya zama shugaba na har abada, kuma don sauƙaƙa wa mutanen da kusan tara cikin goma ba su iya karatu ba, an riga an buga musu "i" a jikin takardar. Aka samu wajen miliyan 2.8 masu amincewa, a ƙasar da in ka cire yara da jarirai ban san inda za a samo wannan adadi ba. An dai ce mutum 3,234 sun ƙi, don kada a ce babu 'yanci.

Ranar 26 ga Afrilu 1963 wasu suka buɗe wuta kan motar da ta kai 'ya'yansa biyu makaranta, suka kashe direba da masu tsaro, yaran suka tsira. Likita ya yi nazari ya ce irin wannan saiti sai Laftanar François Benoît, gwanin harbi na rundunar soja. Benoît kuwa a lokacin yana cikin ofishin jakadancin Jamhuriyar Dominikan inda ya riga ya nemi mafaka. Wannan bai hana aiki ba. Aka je gidansu aka harbe mahaifinsa, tsohon alƙali, da mahaifiyarsa da masu aikin gida, aka cinna wa gidan wuta, jaririn ɗansa kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A wannan rana aka bi gidajen tsofaffin hafsoshi ana kwasa ana kashewa. Daga baya ta bayyana cewa Clément Barbot ne ya kitsa harin, mutumin da ya kafa masa Tonton Makut da hannunsa kafin su ɓata. Da aka ce wa likita Barbot yana rikiɗa ya zama baƙin kare, an ruwaito ya ba da umarnin a kashe duk baƙin karen da aka gani. Mutumin da ya zauna a ajin kimiyya a Mishigan ke nan, kuma rigakafi ai ya fi magani.

Shekarar 1964 ita ce ta nuna shi a matsayin malami. A watan Agusta wasu samari goma sha uku, 'yan ƙungiyar Jeune Haïti da suka taso daga gudun hijira a New York, suka sauka a kudu maso yammacin ƙasar da nufin tayar da tawaye. Aka bi su cikin tsaunuka ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Da yake wasunsu 'yan garin Jérémie ne, sai aka koma kan danginsu, iyalan Sansaricq da Drouin da Villedrouin. Aka kwashe su, tsohuwa da ta haura tamanin, da mata, da yara ƙanana da ba su san ma'anar gwamnati ba, aka kai su bayan gari aka hallaka, aka bar gidajensu a buɗe don a wawashe. Biyu daga cikin samarin aka kama da rai, Marcel Numa mai shekara 21 da Louis Drouin mai shekara 31. Ranar 12 ga Nuwamba aka rufe ofisoshin gwamnati, aka umarci makarantu su kawo ɗalibai. Aka ɗaure su biyun a jikin turaku a bakin katangar babbar maƙabartar Port-au-Prince, yara cikin kayan makaranta suna tsaye suna kallo. Aka harbe su, wani hafsa ya matso da ƙaramar bindiga ya ƙarasa su a ka, aka kuma yi ta maimaita hoton a talabijin. A ƙasar da mafi yawan yara ba su taɓa ganin cikin aji ba, ga darasi kyauta, ba kuɗin makaranta ba kuɗin littafi. Akwai waɗanda suka tsaya a wurin nan suna yara da har yau suna raye, kuma ni ban san irin ruwan da zai wanke wannan safiya daga idonsu ba.

A shekarar dai aka ɗauke Joe Gaetjens. Masu son ƙwallo sun san shi: shi ne ɗan Haitin da ya buga wa Amurka wasa a gasar cin kofin duniya ta 1950, ya ci ƙwallo ɗayan da ta kunyata Ingila. Ba ɗan siyasa ba ne, shagon wankin kaya yake da shi, amma 'yan'uwansa na adawa. A watan Yuli aka zo aka tafi da shi kurkukun Fort Dimanche, babban asibitin Baba Likita, inda ake cusa mutane da yawa a ɗan ƙaramin ɗaki, tarin fuka da gudawa da yunwa su ƙarasa wanda duka bai kashe ba. Har yau iyalinsa ba su ga gawarsa ba. A wannan gida ne kuma, ranar 8 ga Yuni 1967, likita ya tsaya da kansa aka harbe hafsoshinsa goma sha tara, abokan aikinsu ya sa suka ja kunamar bindiga. Bayan 'yan kwanaki ya hau mumbari a gaban taro yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ina suke, yana amsa wa kansa cewa ba su zo ba. Wane shugaba ne ke riƙe sunayen ma'aikatansa haka?

Kyautarsa ma ta tsallaka teku. Likitoci da malamai da injiniyoyi da lauyoyin da ƙasa matalauciya ta sha wuya ta horar, Baba Likita ya raba su ga duniya bai nemi ko sisi ba. Da Kwango ta samu 'yanci a 1960 tana ƙishin ma'aikata, ɗaruruwan 'yan Haiti ne suka je ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙe mata azuzuwa da asibitoci. Wasu suka nufi Gini, wasu Montreal da New York, suka bar manomin da ke kan tsauni da gyambonsa da bokansa. Wanda ya yi gangancin dawowa kuwa ya ga karamci. Jacques Stephen Alexis, likita kamarsa, marubucin da Haiti ke alfahari da shi, ya sauka a gaɓar arewa maso yamma a Afrilun 1961 da wasu abokansa, aka kama shi, ba a sake ganinsa ba. Sana'a ɗaya, kishi ya halatta.

Ta fuskar ibada bai bar kowa a baya ba. Ya kori babban limamin Katolika, Bafaranshe François Poirier, a 1960, Batikan ta fitar da likita daga coci, amma zuwa 1966 sun shirya har an ba shi damar zaɓen bishop-bishop 'yan ƙasa. Gwamnatinsa ta buga littafin koyar da aƙida inda aka ɗauki addu'ar da Kiristoci suka fi girmamawa aka cusa sunansa a gurbin Ubangiji, aka kuma watsa hoton Yesu Almasihu dafe da kafaɗarsa wai shi ya zaɓe shi. Ga mabiya Vudu kuma sai ya fito da baƙar kwat da baƙar hula yana magana ta hanci, kamannin Baron Samedi, iskan maƙabarta. Addinin da ya yi rubutu yana kare martabarsa yana saurayi, shi ya mai da shi abin razana masu shi.

Manyan ƙasashe ma ya san jijiyar da zai taɓa musu. A taron Punta del Este na Janairun 1962, Amurka na neman ƙuri'ar da za ta cike adadin korar Kyuba daga ƙungiyar ƙasashen nahiyar, Haiti ta sayar da tata da alkawarin agaji. Shugaba Kennedy ya dakatar da taimako daga baya, amma likita ya san kalmar da ke buɗe baitulmalin Washington, wato kwaminisanci. A 1969 ya kafa dokar kisa kan duk wanda aka kira ɗan kwaminis, kuma a shekarar Nelson Rockefeller, manzon Shugaba Nixon, ya tsaya kusa da shi a barandar fada suna ɗaga wa jama'a hannu. Mu ma a nan tausayinsa ya iso mu. A watan Maris 1969, ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, Haiti ta zama ƙasa ɗaya tilo a wajen Afirka da ta amince da Biyafara, bayan Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya. Yunwar da yara suka sha a wannan yaƙi abin kuka ce ga duk mai zuciya. Sai dai a makonnin nan ne sojojinsa da Tonton Makut suka shiga ƙauyen Cazale, tafiyar da ba ta da nisa daga fadarsa, suka kashe manoma suka ƙona gidaje. Idon likita mai hangen nesa ne, abin da ke gindin ƙafarsa ne kawai ba ya gani.

Kuɗi kuwa bai bari sun ɓata a hannun jahilai ba. Harajin taba da na wasu kayan masarufi yana shiga wani asusu da ba ya bi ta kasafin kuɗi, ba mai tambaya. An yanki albashin ma'aikata, an tatsi 'yan kasuwa, don gina sabon birni mai suna Duvalierville a garin Cabaret, aka ƙare da kangaye. Dubban talakawa kuma aka riƙa tura su yankan rake a Jamhuriyar Dominikan, gwamnati na karɓar kuɗi a kan kawunansu, a ƙasar da aka kafa don kada a sake sayar da mutum. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe a zamaninsa tsakanin 30,000 da 60,000. Babu wanda ya san adadin daidai, domin a wannan fanni kaɗai likita bai damu da ajiye rajista ba.

Da ciwon suga da na zuciya suka ci ƙarfinsa, bai bar majinyata ba mai duba su ba. A Janairun 1971 aka gyara tsarin mulki, aka sauko da shekarun shugaban ƙasa ƙasa da 40, aka tambayi jama'a ko sun yarda ɗansa Jean-Claude ya gaje shi, fiye da mutum miliyan 2.3 suka ce sun yarda. Ranar 21 ga Afrilu 1971 Baba Likita ya cika a kan gadonsa a cikin fada, likitoci kewaye da shi, gatan da bai bar wa Jumelle ko Gaetjens ko Alexis ba. Yaro ɗan shekara 19 ya zama shugaba na har abada, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Fort Dimanche ya ci gaba da karɓar baƙi, Luckner Cambronne, na hannun daman uban, ya shiga cinikin ruwan jinin talakawa zuwa Amurka, aka yi bikin auren shugaba na miliyoyin daloli a 1980. Sai ranar 7 ga Fabrairu 1986 jama'a suka ƙoshi da magani, jirgin sojan Amurka ya kwashe ɗan da iyalinsa zuwa Faransa. Mutane suka ruga maƙabarta da guduma suka fasa kabarin uban, suka tarar ba gawa a ciki. Jean-Claude ya dawo Haiti a Janairun 2011, waɗanda suka fito da rai daga kurkuku suka kai ƙararsa, a 2013 suka tsaya a kotu suka ba da labarin abin da aka yi musu. Ranar 4 ga Oktoba 2014 ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 63, alƙali bai kai ga yanke hukunci ba.